Asibitin Asake da Gashin Bakin Saja

A wani layi mai shaguna jere da juna akwai wani mai sayar da bokitai da tsintsiya da kowa ke kira Shakurum. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk abin da ya lalace a unguwa, kafin mai abin ya gama bayani sai ya dafa ƙirji ya ce, "Sha kuruminka, kawo nan." Shi ya gyara wa tela fanka ta koma busa iska ta baya, tana sanyaya bango tela yana gumi. Shi ya gyara wa wani maƙwabci makullin ɗaki, sai da aka ɓalle taga kafin mutumin ya ga kayansa. Amma in ka zauna bakin shagonsa yana ba da labari, sai ka ɗauka manyan kamfanoni layi suke yi suna jiran ya samu sukuni.

Matarsa 'yar Baba Mai Aski ce, tsohon da shagonsa ke ƙarshen layin. Baba mutum ne mai ƙarancin magana, kuma duk unguwar shi kaɗai ne bai taɓa ba Shakurum ko allura ya gyara ba. Wannan abu yana ci wa Shakurum rai ƙwarai, don a ganinsa babu abin kunya kamar a ce surukinka bai san darajarka ba.

Wata rana ya je gaishe shi, ya tarar da tsohon ya zazzage aljihun tebur yana riƙe da wani tsohon gwangwani. A ciki akwai asake huɗu irin masu naɗewa, an nannaɗe su da tsumma mai laushi. Tsatsa ta ɗan hau su, ƙotocinsu na ƙaho duk sun tsattsage. Baba ya ce na mahaifinsa ne, da su ya ciyar da gida gaba ɗaya tun kafin a san injin aski. Yana so ya kai wa Kafinta ya yi musu sababbin ƙotoci na katako, ya goge su, ya rataye su cikin gilashi a bangon shago, jikoki su taso su gani.

Shakurum ya ji kamar an mare shi. Ya durƙusa, ya cire hula, ya fara. Ya ce shi asake ba baƙin abu ba ne a wurinsa, tun yana yaro in ya kalli ƙarfe yake gane ƙasar da aka ƙera shi. Ya ce Kafinta mutumin kirki ne, amma benci da akwatin kaji ne iyakarsa, bai san me ake kira ƙota ta musamman ba. Da ya ga Baba bai motsa ba sai ya sauya murya, ya tambaya me mutane za su ce in suka ji yana da ɗa a gida amma ya ɗauki kayan gado ya kai wa bare.

Mutum biyu da ke jiran aski suka sa baki, ba don sun yarda da shi ba, sai don suna son ganin abin da zai faru. Kunya ta kama Baba. Ya daɗe yana kallon gwangwanin, sannan ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ƙota kawai, ɗan nan. Kada ka taɓa bakin ƙarfen."

"Ku sha kuruminku, Baba. In na dawo da su, ku da kanku ba za ku gane su ba."

Kafin ya isa gida ya tsaya a shagonsa, ya yage kwalin bokiti, ya rubuta ASIBITIN ASAKE da manyan baƙaƙe, ya rataye a saman tsintsiyoyi. Duk wanda ya zo sayen bokiti a ranar sai da ya sha bayani kan bambancin ƙarfen da da na yanzu. Wata mata ta ajiye bokitin ta tafi.

A gida ya kwashe kwanukan matarsa daga kan tebur, ya shimfiɗa asaken kamar likita zai yi tiyata. Matar ta leƙo, ta gane gwangwanin. Ta tuna masa cewa tun tana yarinya ba a barin kowa ya taɓa shi, har mahaifiyarsu.

"Maigida, na kakana ne fa. Ba fankar tela ba ce."

"Fankar tela tana juyawa ko ba ta juyawa?"

Ta juya ta koma kicin.

Da ya ƙare wa asaken kallo sai ya yanke cewa ba zai yiwu a sa sabuwar ƙota a kan ƙarfe mai tsatsa ba. Baba ya ce kada a taɓa bakin ƙarfen, amma ai bai ce komai game da gefensa ba. Ya ɗauki ta farko ya nufi wurin Kafinta, wanda rumfarsa ke manne da gidansu. Kafinta ya tafi kai wa wani ƙofa, injin wasa ƙarfe kuwa yana nan a jone. Shakurum ya kunna, ya kara askar, sai tartsatsi ya tashi kamar ruwan zinariya.

Abin ya burge shi. Masu wucewa suka fara tsayawa, shi kuwa da ya ga idanu a kansa sai ya ƙara dannawa. Yana juya askar, yana ɗaga ƙafa ɗaya, yana gaya musu cewa launin tartsatsi shi ke nuna asalin ƙarfe, wannan ja-ja ɗin alama ce ta ƙarfen sarakuna. Bai duba abin da ke hannunsa ba sai da Kafinta ya dawo ya kashe injin. Tsatsa dai ta tafi. Askar ma ta bi ta. Abin da ya rage bai fi tsinken sakace kauri ba.

Kafinta ya karɓa, ya ɗaga sama, ya rufe ido ɗaya yana nema.

"Maƙwabci, wannan mece ce?"

"Askar gashin hanci. Ba a samun irinta yanzu."

"Da ma haka ta zo?"

"Haka take a ciki. Ni fito da ita kawai na yi."

Ta biyu kuma ƙusar da ta riƙe tsohuwar ƙotar ce ta ƙi fita. Ya buga, ya ja da filaya, ya zage ta, ta ƙi. Sai ya tuna ƙarfe ba ya gardama da wuta. Ya jira matarsa ta fita shanya, ya sauke tukunyarta, ya ɗora askar a kan murhun gas. Ƙahon ya kama ci, wari ya cika gidan, irin warin da ke sa ido hawaye. Maƙwabta suka fito suna toshe hanci suna tambayar wane ne gashinsa ya kama wuta. Wata tsohuwa ta cire ɗankwali ta shafa kanta don ta tabbatar. Shakurum ya fizgo askar da filaya ta yi jawur, ya rasa inda zai ajiye ta, ya ɗora a kan dutse ya hau ta da guduma wai don ƙusar ta fice tun da zafinta. Ƙusar ta fice. Askar kuma ta lanƙwashe kamar lauje. Ya jefa ta cikin bahon da matar ta jiƙa fararen kaya, ruwan ya yi ƙara, wani baƙin tabo ya zauna a kan rigar makarantar 'yarsu.

Da matar ta shigo ta ga tukunya a ƙasa, hayaƙi a sama, tabo a riga, sai ya riga ta magana. Ya ɗaga lanƙwasasshiyar askar ya ce ta duba kan mutum da kyau, shin a miƙe yake? Duk duniya ana aske zagayayyen kai da miƙaƙƙiyar aska, babu wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani sai shi. Ta ce in ya gama tunanin ya zo ya cire tabon. Ya ce masu ƙirƙira ba sa wanki.

Saura katako. Kafinta, don tausayin Baba, ya kawo guntaye masu kyau ya ce ga su kyauta, in yana so ma shi zai fere masa su. Shakurum ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ƙwanƙwasa a kunne, ya mayar. Ya ce wannan katakon jiya-jiya ne, bai san duniya ba. Tsohuwar aska sai tsohon katako, wanda ya shekara da shekaru yana bushewa a inuwa.

Ya shiga zagaya gida yana ƙwanƙwasa kaya. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ƙwanƙwasa kabad, ya ƙwanƙwasa ludayin katako na matarsa ya sa a aljihu. Da ya ɗaga katifa sai ya yi murmushi. Ga sandunan gado a jere, busassu, santala-santala, ba wanda ke ganinsu. Ya ce a ransa masu yin gado ɓarna suke yi, me ake da sanduna da yawa haka? Ya zare ɗaya.

Ta farko ya yanke ta gajarce. Ya zaro ta biyu, ta tsage a tsakiya. Ta uku ya fere ta har ta ƙare. A ta huɗu ne abin ya zo daidai, kuma a faɗi gaskiya ƙotar ta yi kyau, sumul, kamar a lasa. Ya goge ta da samfefa, ya cika cikinta da gam ɗin nan mai kamawa nan take, ya sa aska ta uku, ya naɗe ta don ya ga yadda za ta zauna. Ta zauna daram. Ya zagaya da ita gida yana nuna wa kowa. Da ya zo buɗewa ta ƙi. Ya sa farce, farcen ya karye. Ya sa haƙori, ya ji jijiyar kansa ta amsa. Ya ba Kafinta, Kafinta ya gwada da kurfinsa na sassaƙa ya ce wannan sai dai a lahira.

"To ai haka nake so," in ji Shakurum. "Askar gida mai yara ke nan. Ko jariri ka ba, babu abin da zai same shi."

"Gemu ma babu abin da zai same shi."

"Kai dai benci ka sani."

Da rana matarsa ta kwaso shanya ta shiga ɗaki, ta zauna bakin gado za ta ninke. Shakurum yana tsakar gida yana fiƙe wata sandar sai ya ji wata irin ƙara, sannan shiru. Ya leƙa. Katifa ta naɗe kamar littafi, matar tana tsakiya, ba a ganin komai sai ƙafafu biyu da silifa ɗaya. Daga cikin katifar murya ta fito, a natse, tana tambayarsa sanduna nawa ya cire. Ya ce kaɗan ne, kuma gadon da ma yana da tsayi fiye da ƙima, likitoci sun hana. Ta ce ya ja ta ta fito tukuna, sai su yi maganar likitoci. Da ya ji yadda ta faɗi maganar sai ya ga ya fi masa alheri ya kira matar Kafinta ta ja ta, shi ya tafi duba shago.

Daga ranar suka koma kwana a ƙasa. Matar ta kafa masa sharaɗi: ko ya mayar wa Baba da aska ta huɗun lafiya lau yadda take, ko ta je ta faɗi abin da ya sami ukun da bakinta. Ya roƙe ta ta ɗan ƙara masa lokaci. Ya ce a kan ta huɗun duk basirarsa za ta sauka, in Baba ya gan ta zai manta yana da wasu.

Ya yanke shawarar yi mata ƙota mai siffar kada. Ya haɗa sanduna biyu ya manne, ya fere baki, ya fere wutsiya, ya yi haƙora da tsinken ashana, ya ciro maɓallai biyu daga rigar matarsa ya yi idanu. Ludayin katakon nan ya yanke kansa ya yi wa kadan ciki. Da ya gama, ƙotar ta kai tsawon damtse, askar tana leƙowa daga bakinta kamar harshe. 'Yarsu ta tambaya ko ƙadangare ne mai kumburin ciki, ya kore ta.

Wannan karon ya wasa ta a hankali a kan dutse, kuma ƙarfen mai kyau ne, ya yi kaifi duk da hannun da ke riƙe da shi. Sai neman wurin gwaji. Ya gwada a ƙwaurinsa, ya ɗaure wurin da tsumma. Ya gwada a kan kafet ɗin falo, ya fitar da hanya tun daga ƙofa har gaban talabijin. Magen gidan tana barci a rana, ya lallaɓa ya ɗauke mata gashi tafin hannu guda a gadon baya. Ta farka ta haye katanga, ta zauna can tana kallonsa, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya tambayi wace cuta ce ta shigo unguwa.

Baba ya aiko ana tambaya. Shakurum ya zauna ya yi lissafi. In ya kai su shi kaɗai cikin shago, tsohon zai duba su ɗaya bayan ɗaya, ya yi shirun nan nasa mai kashe jiki. Amma in aka tara jama'a, aka yi tafi, aka yi sowa, ina Baba zai samu bakin ƙorafi? Ya bi layin shago-shago yana gayyata, ya ce a zo a ga abin da ba a taɓa gani ba.

Da safe ya kafa tebur a gaban shagon Baba, ya lulluɓe shi da zanen gado, tunda gadon ba ya bukata. Ya sa farar riga da ya ara wurin mai kemis. Tela ya zo, Kafinta ya zo da bencinsa, masu shaguna suka bar shagunansu a buɗe. Matarsa ta tsaya daga baya ta harɗe hannu. Baba ya fito ya zauna a kujera, ya ɗora hannaye a gwiwa.

Shakurum ya fara da ta gashin hanci. Sai da ya ɗaga ta saitin farin bango kafin na baya su ga akwai abu a hannunsa. Ya fito da mai kama da lauje, tela ya tambaya ko ana yankan ciyawa da ita, ya ce ana iya yi, aiki biyu take yi. Ya fito da wadda ba ta buɗuwa, ya ba jama'a su gwada, ta zaga hannu-hannu ta dawo a rufe, ya ce kun gani, ko ƙato bai iya yanka kansa da ita. Duk wannan Baba yana zaune yana kallo. Ƙasan idonsa na hagu ne kawai ke rawa.

Sai ya yaye ƙyallen da ya rufe kadan. Mutane suka ja da baya, wata ta ɗauke ɗanta. Shakurum ya ce yanzu ana neman namiji guda da zai zauna a gwada. Aka shiga kallon-kallo. Masu gemu suka fara tuna suna da aiki a shago.

A cikin taron akwai wani tsohon soja da ake kira Saja. Abin da Saja ya mallaka a duniya da ya fi ƙauna shi ne gashin bakinsa: baƙi wuluk, murɗaɗɗe, kowane gefe ya tashi sama kamar ƙaho. Kullum da safe sai ya shafa masa mai ya murza shi a gaban madubi, kuma ba ya shan abu sai da tsinken roba don kada ya jiƙe. Wajen cika baki kuwa shi kaɗai ne ke karawa da Shakurum. Ya ratsa jama'a ya ce shi da ya kwana cikin ruwan harsashi ba ƙadangaren katako zai tsorata shi ba. Ya zauna, ya ce a share masa haɓa da kumatu kawai.

"In ka taɓa gashin bakin nan ko sili ɗaya, ka yi sallama da iyalinka."

"Sha kuruminka, Saja. Ko inuwarsa ba zan taɓa ba."

Ya shafa masa kumfa har kunne. Kafin ya fara sai ya ga ya kamata ya nuna wa jama'a ƙarfin ƙotar. Ya ce wannan katako ko mota ta taka shi ba abin da zai yi, ya buga shi a tebur. Kadan ya rabe biyu tun daga baki har wutsiya, ido ɗaya ya gangara ƙarƙashin bencin Kafinta.

Shakurum ya dunƙule abin a hannu da sauri, ya ce ga dukkan alamu takalminsa ya kwance, ya nutse ƙarƙashin zanen tebur. Can ya zaro gam daga aljihu, ya matse shi gaba ɗaya cikin tsagar, ya damƙe da ƙarfi, ya fito yana murmushi. Gam ɗin yana tsattsafowa ta tsakanin yatsunsa, amma bai kula ba, don idonsa na kan jama'a.

Ja na farko ya tafi lafiya, daga kunne zuwa muƙamuƙi. Har wani ya tafa. Shakurum ya juya ya rusuna wa mai tafin, yana bayanin yadda ake karkata wuyan hannu, hannun kuwa ya kwantar da shi a kan leɓen Saja don ya huta. Da ya gama bayani ya zo ɗagawa, sai kan Saja ya biyo hannun. Ya sauke, kan ya sauka. Ya ja hagu, Saja ya bi hagu.

Gefen dama na gashin bakin, tun daga ƙarƙashin hanci har ƙarshen murɗin, ya shige cikin gam ya zama ɗaya da cikin kada da yatsun Shakurum. Askar kuwa tana tsaye a buɗe dab da hancin Saja, yana kallonta da ido biyu a karkace.

"Me ka yi?" in ji Saja, ta gefen baki.

"Wani salo ne. Ana riƙe fuska don kada ta motsa."

"Sake ni."

"Yanzu kuwa. Kada dai ka yi atishawa."

Saja ya miƙe tsaye, dole Shakurum ya yi ɗage, don Saja ya fi shi tsawo nesa. Saja ya kai masa duka, Shakurum ya kauce, kaucewar ta fizgi leɓen, Saja ya yi wata ƙara da ba a san soja da ita ba. Suka shiga zagaya teburin kamar masu rawa, ɗaya na zagi ta rabin baki, ɗaya na ba da haƙuri yana kuma gaya wa jama'a su lura da yadda gam ɗin ke da inganci. Kumfa na ɗiga a kan farar rigar mai kemis. Tebur ya kife, ta gashin hanci ta faɗa cikin yashi, ba a sake ganinta ba.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Tela ya ce a zuba kalanzir, aka zuba, Saja ya yi ta tofarwa. Wata ta ce ruwan zafi, Saja ya ce duk wanda ya matso da buta sai ya ga abin da ya sa aka ba shi igiya uku. Kafinta ya kawo zarto ya ce zai iya raba kadan, amma bai yi alkawarin yatsu ko hanci ba. Matar Shakurum kuwa ta samu gefen benci ta zauna, ta gyara zama kamar mai kallon talabijin.

Sai Baba ya tashi. Ya shiga shago ya fito da almakashi. Ya fara zare ƙarfen askar daga bakin kadan a hankali, rabin kadan ya ɓalle ya faɗi, ya goge ƙarfen da gefen rigarsa, ya sa a aljihu. Sannan ya dubi Saja ya ce ya yi haƙuri, babu wata hanya. Saja ya rufe ido. Ƙarar almakashin ba ta da yawa, amma har ƙarshen layin an ji ta. Shakurum ya ja baya, hannunsa manne da rabin kada, rabin gashin baki na lilo a jiki da murɗinsa da komai.

Aka miƙo wa Saja madubi. Ya daɗe yana kallo. Gefe ɗaya sojan da ya sha ruwan harsashi, ɗaya gefen wani bawan Allah da ba wanda ya sani. Bai yi ihu ba. Ya ajiye madubin, ya kama Shakurum ta wuyan riga, ya ɗauke shi cak ya shiga da shi shago ya dasa a kujerar aski. Ya ce shi ba azzalumi ba ne, gashi aka ɗaukar masa, gashi zai ɗauka. Ya roƙi Baba ya sauke sumar nan gaba ɗaya, ƙwal, har sai an ga fuska a ciki.

Shakurum ya dubi surukinsa ta madubi yana neman ceto.

"Baba, ku sa baki."

"Sunkuyar da kai, ɗan nan."

Inji ya kama aiki. Jama'a suka cika ƙofa da taga. Baba ya faro daga goshi ya bi ta tsakiya har ƙeya, ya share ɓangaren dama tas, a natse, irin aikin da ake yi da zuciya ɗaya. Ya ɗaga injin zai koma hagu ke nan sai aka ɗauke wuta.

Aka jira. Wuta ba ta dawo ba. Wani daga taga ya ce ai sai a ƙarasa da aska. Baba ya waiwaya ya dube shi, ya dubi mai kama da lauje a ƙasa, ya dubi wadda ba ta buɗuwa a hannun tela, ya ce shagon nan babu aska mai ƙota. Saja ya zagaya kujerar ya duba aikin ta gaba da ta baya, ya ce a bar shi haka, yanzu sun yi daidai.

Haka Shakurum ya ratsa layin zuwa gida, rabin kai na ƙyalli a rana, hularsa ta ɓace cikin turmutsutsu, rabin kada a hannu. Duk wanda ya kalle shi sai ya ce masa yayin da ake yi ke nan yanzu, nan gaba kaɗan kowa zai koma haka. Baba kuwa ya tattara abin da ya samu ya mayar cikin gwangwani, ya miƙa wa Kafinta ƙarfen ta huɗun.

A tsakar gida matar ta zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugune, ta jiƙa masa hannu cikin ruwan ɗumi da sabulu, ta ɗauko almakashinta na ɗinki ta fara rage ɗaya ɓangaren. Aikin na tafiya tsalle-tsalle, kamar ɓera ya ci tabarma. Ya sunkuyar da kai, har ta fara jin tausayinsa. Ta kai wajen kunne sai ya karkata kai yana saurare.

"Almakashin nan naki hannunsa ya yi sako-sako. Da kin bar mini shi na kwana biyu, in yi masa na katako."

Ta tsaya. Ta dubi almakashin, ta dubi abin da ya rage a kansa, tuttu ɗaya a saman kunne da wani a ƙeya. Ta kaɗe gashin da ke jikin zanenta, ta shiga ɗaki ta jefa almakashin cikin kabad, ta murza makulli, ta ɗaure shi a bakin zane. Sannan ta leƙo ta ce masa in ruwan ya huce ya yi magana.